Matatar iskar kwampreso: da yawan iska ake auna ta, ba da bakin bututu ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu ja hankalin masu masana'antu, da masu aikin fenti, da duk wanda sana'arsa ta dogara da iskar kwampreso (injin matse iska), a kan wani abu da ake rainawa, wato matatar da ke kan layin iska. Girka irin waɗannan injina da kula da su shi ne aikinmu, kuma kurakurai biyu ne suka fi yawa a wannan fanni. Na farko, a sayi matata bisa girman bakin bututu: bututu inci ɗaya ne, to a kawo matata mai baki inci ɗaya, magana ta ƙare. Na biyu, a ɗaura ta a manta da ita sai ranar da iska ta daina zuwa da ƙarfi. Duka biyun ana biyan kuɗinsu, amma a takardar wuta ake biya, da kuma kayan aikin da ke mutuwa tun lokacinsu bai yi ba.

Wanda bai san yawan dattin da ke cikin iskar ba, ba zai ɗauki maganar da nauyi ba. A ɗauki kwampreso irin na sukuru mai kilowat 37. Yana ba da iska kimanin kubik mita 6 a minti, wato 360 a awa. Idan zafin waje digiri 30 ne, laima kuma kashi 70 cikin ɗari, kowace kubik mita tana ɗauke da ruwa wajen giram 21. Ke nan sama da lita 7 da rabi ke shiga injin a kowace awa, fiye da lita 60 a aikin awa takwas. Da an matse iskar zuwa bar 7 (bar shi ne ma'aunin matsi) an sanyaya ta zuwa digiri 40, kusan kashi biyu cikin uku na wannan zai sauko ya zama ruwa sosai, saura ya wuce yana tururi. Ga kuma mai. Kwampreson sukuru mai ƙoshin lafiya yana sakin miligiram 2 zuwa 5 a kowace kubik mita. Kamar ba komai ba ne, amma a kan miligiram 3, in injin ya yi awa 4,000 a shekara, fiye da kilo 4 na mai ne ya bi bututu. Na fistin da ya tsufa ya zarce haka nesa ba kusa ba. A haɗa da ƙurar da ta tsallake matatar shiga da tsatsar tanki, sai su zama wata laka mai danƙo. Wasu na ganin ai mai ne, zai ma taimaka wa kayan aiki. A'a. Man da ya sha zafi ya gauraya da ruwa ba ya shafe komai, sai dai ya maƙale bawul ya cinye robar silinda.

Matata ɗaya ba ta iya wannan aiki duka, shi ya sa ake jera su. A gaba akwai mai ware ruwa, wadda ke juya iska da ƙarfi ta watsa ɗigon ruwa jikin bango ya gangara ƙasa. Sai matatar maikiron 1 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato ƙanƙantar dattin da take tarewa), mai tattara ƙananan ɗigon mai da ruwa su haɗu su yi nauyi su sauko. Bayanta na'urar busar da iska, sannan matatar maikiron 0.01, wadda ke rage mai zuwa miligiram 0.01 a kubik mita. In aikin na buƙatar a kawar da tururin mai da warinsa, sai a ƙara ta gawayi a ƙarshe. Idan na'urar busarwa irin mai ƙwayoyin tsotse laima ce, dole matatun mai biyu, ta maikiron 1 da ta 0.01, su kasance a gabanta, domin mai yana rufe ƙwayoyin ya kashe su, sannan a sa matatar ƙura a bayanta don tare garin da ƙwayoyin ke zubarwa. Wanda ya tsallake ta maikiron 1 don rage kashe kuɗi, ya bar ta 0.01 ita kaɗai a bakin daga, zai riƙa sauya elemen mafi tsada, wato abin tacewar da ke cikin gidan matata, a kai a kai.

A nan akwai abin da ya kamata a riƙe da kyau: matata ba ta cire tururin ruwa. Ko goma aka jera, tururi zai ratsa su kamar yadda iska ke ratsawa, in ya isa inda bututu ya yi sanyi ya koma ruwa. Duk wanda ke ganin ruwa a bindigar fenti alhali matatarsa sabuwa ce, to galibi na'urar busarwa ce ba shi da ita, ko kuma tana nan amma ba ta aiki.

Tsabtar da ake nema ba da ka ake faɗinta ba. Ma'aunin ISO 8573-1 na shekarar 2010 yana ba da lamba uku a jere: ta ƙura, ta ruwa, ta mai, kuma duk ƙanƙantar lamba, iskar ta fi tsabta. A ɓangaren mai, aji 1 miligiram 0.01 ne ko ƙasa da haka, aji 2 miligiram 0.1, aji 3 miligiram 1, aji 4 miligiram 5, kuma lissafin ya haɗa da tururin man, ba ɗigo kawai ba. A ɓangaren ruwa, aji 4 shi ne iskar da ba za ta yi raɓa ba sai ta sauka zuwa digiri 3, abin da na'urar busarwa mai sanyaya iska ke bayarwa, aji 2 kuwa sai digiri 40 ƙasa da sifili. A duba littafin kowane inji a ga ajin da ya nema. Ra'ayinmu shi ne kada a tace iskar masana'anta gaba ɗaya zuwa aji 1 saboda inji guda da ke buƙatar hakan. A yi wa babban layi tata matsakaiciya, a kai wa wannan injin tasa matatar a reshensa. Kowace matata da aka ƙara tana cin matsi, kuma ba kyauta take ci ba.

To, ga batun aunawa, wanda shi ne kan maganarmu. Lambar da kamfani ya rubuta a jikin matata, misali kubik mita 6 a minti, an auna ta ne a kan matsin bar 7 da zafi kusan digiri 20 ko 21. Da matsi ya sauka, wannan lamba ta daina zama gaskiya. Dalili kuwa, iskar da aka matse kaɗan ta fi cin wuri, don haka dole ta ratsa elemen da gudu fiye da wadda aka matse sosai. Lissafin ba wuya. A ƙara 1 a kan abin da geji ya nuna, saboda matsin iskar duniya da geji ba ya ƙirgawa. Bar 7 ya zama 8, bar 5 ya zama 6. A raba 6 da 8, a sami 0.75. Ma'ana matatar da aka rubuta wa kubik mita 6, a kan bar 5 kubik mita 4 da rabi kawai za ta ɗauka. Mai kwampreson kubik mita 6 da layinsa ke sauka zuwa bar 5 yana buƙatar wadda aka rubuta wa 8. Kowane kamfani yana da nasa jadawalin gyara lamba, kuma a kan bar 5 za a ga daga 0.75 zuwa kusan 0.85. In jadawalin yana hannu a bi shi, in babu a yi wannan lissafi, shi ya fi aminci. Kuma matsin da za a yi lissafi da shi shi ne mafi ƙasa da layin ke kaiwa lokacin da aiki ya kankama, ba wanda ake gani da safe kafin a kunna injina ba.

Yawan iskar ma, mafi yawa ake ɗauka, ba matsakaici ba. Kwampreson da ke ɗaukar lodi ya sauke, in ya ɗauka duk ƙarfinsa yake turowa, ko da masana'antar rabin hakan take sha. Matatar da ke tsakaninsa da tanki dole ta iya da cikakken abin da yake bayarwa. Wadda ke bayan tanki kuwa wani lokaci ta fi shan wahala, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe. A ce tankin lita 1,000 ne, aka buɗe wani inji mai shan iska da yawa, matsin tanki ya sauka da bar 1 cikin daƙiƙa 10. Tankin ya saki kubik mita ɗaya ke nan cikin daƙiƙa 10, daidai da kubik mita 6 a minti, a kan 6 ɗin da kwampreso ke turowa. A wannan ɗan lokaci matatar ta ga 12, ninki biyu na abin da aka auna ta da shi. In irin wannan fizga tana yawan faruwa, ko dai a auna matatar da ita, ko a sa wa injin mai fizgar ƙaramin tanki nasa kusa da shi.

A kula da ma'auni kuma, don ana yawan cakuɗa su. Kubik mita ɗaya a minti lita 1,000 ce, ko cfm (kubik ƙafa a minti) 35 da ɗoriya. Bar ɗaya psi 14.5 ne, psi kuwa wani ma'aunin matsi ne. A kwampreson fistin, babbar lambar da ake mannawa a jiki sau da yawa ta abin da fistin ke zuƙa ce, abin da ke fitowa bai fi kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu ba.

Me ke faruwa in matata ta yi ƙanƙanta? Ba matsi kaɗai take ci ba, aikin tatar ma ba ta yi. A matatar mai, iska tana shiga ta tsakiyar elemen ta fito ta waje. Zaren gilashi masu laushi da ke ciki suna kama ƙananan ɗigo, ɗigon su haɗu su girma, iska ta tura su zuwa rigar waje, su gangara ƙasa su ɗiga cikin kwano. Wannan gangarowa tana son iska mai tafiya a hankali. In gudu ya yi yawa, iskar za ta fizge man daga jikin rigar ta wuce da shi, sai a sami mai a bayan matata sabuwa fil. Elemen da aka cire yana faɗin labarin da kansa. In a gindinsa akwai jiƙaƙƙen zobe mai duhu, faɗin yatsa ɗaya ko biyu, sama kuma a bushe, to lafiya yake aiki. In jiƙar ta hau har kusa da wuyansa, ko rigar ta kumbura ta tsage, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko kuma kwano ya cika ya nutsar da shi.

Girma fa, yana da illa? Ga matatar mai da ta gawayi, ɗaukar ta sama da abin da lissafi ya bayar alheri ne: matsin da take ci ya ragu, elemen ya daɗe. In lissafi ya faɗa tsakanin girma biyu, a ɗauki na sama. Amma mai ware ruwa daban take. Ita da gudun juyawa take aiki, in ta yi girma ainun iskar ba za ta juya da ƙarfin da zai watsa ruwan ba. Ita a auna ta daidai.

Zafi ma yana cikin lissafi. Mai in ya yi zafi yana zama tururi, tururi kuma matatar mai ba ta kama shi. Saboda haka a ɗaura matata inda iska ta riga ta huce, ba a bakin kwampreso ba. Yawancin elemen ba a yarda su wuce kimanin digiri 65 ba, ta gawayi kuwa an fi so kada iskar da ke shigarta ta haura digiri 30 zuwa 35.

Yanzu ga inda kuɗi ke zurarewa. Sabon elemen na mai, bayan ya jiƙe, yana cin bar 0.1 zuwa 0.2. In ya toshe zai kai 0.5 ko 0.7, har fiye. Mai aiki ya ga ƙarfin iska ya ragu a wurin injinsa, abin da ya fi sauƙi shi ne a je a murɗa kwampreso a ƙara matsi. Kowane bar ɗaya da aka ƙara yana ƙara shan wuta da kusan kashi 7 cikin ɗari. A kwampreson nan mai kilowat 37, rabin bar na banza ya kai kilowat 1.3, a awa 4,000 fiye da yunit 5,000 na wuta, daga matata guda. A jera uku da suka toshe a gani. Ƙarin matsi kuma yana ƙara yawan iskar da ke tsiyaya ta kowace kafar da ke yoyo a layin. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma ƙaramar matata na cikin abin da suke nufi.

Gejin da ke kan matata, mai nuna bambancin matsi tsakanin shiga da fita, yana da amfani, amma kada a miƙa masa wuya. Yana nuna gaskiya ne kawai lokacin da iska ke wucewa sosai. In aka duba shi da rana ana hutu, toshasshen elemen ma kore zai nuna. Abin da ya fi haɗari, in elemen ya fashe, allurar za ta koma ƙasa kamar an sa sabo. Allurar da aka saba gani kusa da ja ta dawo kore ba tare da an taɓa komai ba, wannan ba albishir ba ne, a tsaya a buɗe. Sannan zaren ciki suna gajiya da ruwa da mai da bugun matsi, su riƙa barin mai ya wuce alhali geji bai motsa ba. Don haka ƙa'idar ita ce a sauya elemen duk wata 12, ko a awannin da kamfanin ya ƙayyade, yawanci tsakanin 4,000 da 8,000, ko in bambancin matsi ya kai bar 0.35 zuwa 0.5, duk wanda ya riga zuwa. A rubuta ranar sauyi a jikin gidan matatar, a kuma rubuta abin da geji ya nuna bayan 'yan kwanaki da sa sabo, don a sami abin kwatantawa.

Ta gawayi ba ta toshewa, cika take yi. In ta ƙoshi da tururin mai sai ta bar shi ya wuce shiru, geji ba zai ce komai ba. Ƙananan irinta masu elemen ana sauya su ne a kimanin awa 1,000 ko wata shida, kuma zafi yana rage wannan lokaci ƙwarai. Jiran a ji warin mai jiran makara ne. Ɗigon mai ko ruwa in ya isa gare ta, ta gama aiki nan take, shi ya sa ba a sa ta sai da ta 0.01 a gabanta. A nan bari mu ɗan ratse: babu ɗaya cikin waɗannan matatu da ke cire gubar hayaƙi irin ta salansar mota. Iskar da mutum zai shaƙa, kamar a hular masu feshin yashi, tana da nata kayan tacewa da na gwaji daban.

Magudanar da ke ƙasan kwano ita ce aka fi mantawa, alhali matatar da ba ta zubar da abin da ta tara ba ta yi komai ba. Magudana mai ƙwallon da ke tashi in ruwa ya cika, laka tana maƙale ta. In ta maƙale a rufe, kwano ya cika, ruwa ya tafi layi gaba ɗaya. In ta maƙale a buɗe, iska ce ke fita dare da rana, kuma rami mai faɗin milimita 3 a kan bar 7 yana zubar da kusan lita 11 a daƙiƙa, fiye da kashi ɗaya cikin goma na duk abin da wancan kwampreso ke bayarwa. Mai agogon lantarki tana buɗewa ko da ruwa ko babu, kuma saitin da ya isa lokacin rani ba zai isa lokacin laima ba. Tana da 'yar raga a gabanta da tsatsa ke toshewa; za a ji tana ƙaras a kan lokaci, amma ba abin da ke fita. Mai auna ruwa da lantarki ta fi, don ba ta zubar da iska, amma ita ma tana son a sauya robobinta duk shekara. Kowace iri ce, a danna maɓallin gwaji aƙalla sau ɗaya a mako, a ga ruwan da ido. Kada a haɗa magudanai da yawa cikin rufaffen bututu guda, domin in ɗaya ta buɗe za ta tura dattinta cikin kwanon 'yar'uwarta. Ruwan kuma akwai mai a cikinsa, ta na'urar raba mai da ruwa ya kamata ya bi kafin a zubar.

Wajen sauya elemen, a rufe bawul na gaba da na baya, a saki iskar da ta rage ta magudana har gejin matsi, ba na bambancin matsi ba, ya koma sifili kuma ƙarar fita ta tsaya. Kwanon da ya ƙi kwancewa, sau da yawa matsi ne ya rage a ciki, kada a sa masa ƙarfi. A wanke kwano da ruwa da sabulu mai sauƙi. Kwanon roba mai haske, wanda ake gani a ƙananan matatun kusa da inji, ba ya jure tina ko fetur ko wasu man kwampreso na haɗi, yana yin ƙananan tsaga kamar gashi sannan wata rana ya tarwatse. Iyakarsa kimanin bar 10 da digiri 50, kuma a bar masa garkuwarsa ta ƙarfe. A sa sababbin zoben roba, a shafa musu ɗan giris ɗin da ya zo da su, amma inda ake fenti kada a kusanto da mai silikon, shi ke sa fenti ya yi ramuka. A riƙe sabon elemen ta kawunansa, a tabbatar ya zauna daram a mazauninsa, don in ya karkace iska za ta zagaye shi. Elemen na mai ba a wanke shi, ba a hure shi da iska a mayar. Irin na tagulla, kamar mai maikiron 40, shi ke karɓar wanki. In an gama, a buɗe bawul na gaba a hankali har matsi ya daidaita, sannan na baya. Buɗewa farat ɗaya yana iya fasa sabon elemen tun bai yi minti guda ba, kuma ba wanda zai sani.

Wajen girkawa, a bi kibiyar da ke kan matatar, a tsayar da ita kwano na kallon ƙasa, a bar fili a ƙarƙashi wanda zai isa a zare kwano da elemen, don matatar da ke da wuyar buɗewa ba a buɗe ta. Bututun zagaye da ake sawa don kada aiki ya tsaya lokacin gyara, iska mai datti yake turawa, kuma an sha mantawa da shi a buɗe. Inda tsabta ke da muhimmanci, gara matata biyu gefe da gefe, kowace da bawul ɗinta. Mai sayen elemen da ba na kamfanin asali ba ya nemi sakamakon gwajinsa a kan ISO 12500, domin shiga mazauni daidai ba ya nuna abin da ke cikinsa.

Kada kuma a manta da matatar shiga ta kwampreson kansa. In ta toshe har ta ci milibar 25, wato bar 0.025, iskar da injin ke zuƙa ta ragu da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari, in kuma ta yage, ƙurar za ta shiga man injin ta toshe mai raba mai da iska, daga nan ta sauka kan duk matatun da ke bayansa. In aka ga elemen na layi yana jiƙewa da mai da wuri fiye da yadda aka saba, a fara duba kwampreso: ko an cika masa mai ya wuce alama, ko siririn bututun da ke mayar da mai ya toshe, ko yana aiki da zafi fiye da kima.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu aikin girkawa da gyaran injinan iska